Ƙanƙarar da Ba Ta Sauka a Unguwarmu Ba

Talata, 23 ga Afrilu, 12:20 na rana

Kusan kowa yana zaton duk abin da ke cikin mota, inshorar mota ce ke biyansa. Ba haka ba ne. Mota ita ce ƙarfe da gilashi da taya. Jakar da ka bari a kujerar baya kayan gida ce, ko a Omaha aka sace ta, kuma inshorar gida ce ke ɗaukarta. Yau na faɗa wa ɗalibaina haka, sai aji ya kaure da musu. Shekara goma sha tara ina koyar da darasin riƙon kuɗi a wannan sakandare ta garinmu Lincoln, kuma wannan makon na fi so, domin a cikinsa nake barinsu su yi tambayoyin da suke ganin na banza ne. In karenmu ya cinye kujerar mota fa? In bishiyar maƙwabci ta faɗo kan garejinmu? In na ara wa saurayina mota ya doke barewa, alhali Baba bai san ina da saurayi ba? Na ce musu babu tambayar kunya a inshora, wanda ya ji kunyar tambaya yau zai ji kunyar amsa gobe. Maganar ta yi mini daɗi har na rubuta ta a allo.

Mama ta tafi coci wurin ɗinkin barguna, kamar kowace Talata. Tun da safe ta gasa ƙananan burodin zaƙin nan, kolache, ashirin da huɗu masu cuku a tsakiya, sha biyu namu, sha biyu na matan coci. Rediyo ya ce hadari zai taso da yamma. Na manta ban ce mata ta dawo da wuri ba.

Talata, 7:45 na yamma

Jiniyar gargaɗin hadari ta yi kuka ƙarfe huɗu da rabi. Na sauka ɗakin ƙasa da rediyo, ina ta kiran wayar Mama, ba ta ɗauka ba. Nan unguwarmu ruwa ne kawai da iska. Ko tukunyar fure ba ta kife ba.

Bakwai saura ta shigo. Na ji motar kafin in gan ta, leda tana faf-faf. Buick ɗin marigayi Baba kamar an bi ta da guduma daga hanci har wutsiya. Gilashin baya babu shi. An rufe wurin da leda mai kauri, an liƙe da shuɗin salatif, layi-layi, a miƙe.

"Mama, lafiyarki?"

"Lafiyata ƙalau, Nell. Motar ce ta sha kashi. Ƙanƙara kamar ƙwan kaza. Da babanki na nan da ya zauna a ƙasa ya yi kuka."

A kujerar baya na ga keken ɗinkin Babi, kakarmu, jiƙe sharkaf, tarkacen gilashi cikin kowane lungunsa. Tun ina shekara tara Mama take cewa nawa ne.

"Me ya fitar da wannan daga ɗakinki?"

"Na cocin ne ya lalace."

Na dafa mata shayi, na duba tafin hannunta ko gilashi ya shige. Babu komai, na gode Allah. Amma hannun da ba ya iya buɗe kwalbar zuma ba shi ya ja wannan salatif ba.

Laraba, 24 ga Afrilu, 6:30 na safe

Wata daga cikin matan coci ce ta liƙe mata. Mene ne abin tunani a ciki.

Alhamis, 25 ga Afrilu, 12:15 na rana

A ɗakin malamai kowa da wayarsa, ana nuna wa juna hoton rufi. Malamin kimiyya ya haska taswirar ƙanƙarar a bango. Ita ƙanƙara ba kamar ruwa take ba, siririn layi take bi, sai ta farfasa wannan titi ta bar na kusa da shi. Ta shekaranjiya ta shigo Lincoln ta arewa maso gabas, ta bi ta kan Havelock, ta fice. Faɗinta bai kai mil biyu ba.

Cocinmu yana kudu. Na duba sau uku. Har na tambaye shi ko taswirar na iya yin kuskure, ya ce kamfanonin inshora ma da irinta suke aiki, gida-gida.

Mutum ɗaya na sani a Havelock. Ƙanwata. Shekara uku ban rubuta sunanta a littafin nan ba, tun jana'izar Baba, kuma ba yau zan fara ba.

Juma'a, 26 ga Afrilu, 5:10 na yamma

Mun kira kamfanin. Motar tana cikin inshorata tun da Mama ta dawo gidana, don haka ni na buga, na ɗora wayar a teburin kicin muna ji tare. Wata mata mai sanyin murya ta ce za a naɗi maganarmu. Ta tambayi rana, ta tambayi lokaci.

"A ina motar take lokacin da ƙanƙarar ta sauka?"

Ina iya taimaka wa Mama, ban taimaka ba. Na bar ta tana murza gefen tawul.

"Titi na sittin da uku," in ji Mama. "A Havelock. Ƙofar gidan 'yata Corinne."

Ni ban rubuta sunan ba. Mama ce ta faɗa.

"Ana yawan ajiye motar a can, Misis Kovarik?"

"Talata-Talata."

"Tun yaushe?"

"Tun Nuwamba."

"Akwai wani da ke tuƙa ta ban da ke?"

"Corinne takan tuƙa, in za mu asibiti. Idona ba ya son titin tsakiyar gari."

Asibiti. Ban tambaya ba. Matar ta yi mana godiya, ta ce mai duba ɓarna zai zo mako mai zuwa. Abin da Mama ta ɓoye mini wata shida, ta faɗa wa baƙuwar murya cikin minti huɗu, don kawai an ce ana naɗa.

Bayan na kashe wayar ta ce, "Nell."

Na ce ina da takardun yara da zan duba. Gaskiya ne, ina da su.

Asabar, 27 ga Afrilu, 11:00 na safe

Wato kolache sha biyun nan ba matan coci ke cinye su ba.

Asabar, 4:40 na yamma

Na je sayen ƙusa. Shagon da ke kusa da mu ma yana da ƙusa, amma na Havelock ya fi kaya.

Unguwar kamar ana biki. Kowane gida da allon masu gyaran rufi a ƙofarsa, motocinsu daga Texas da Oklahoma, tsani ko'ina. Gidan ƙanwar tawa ƙarami ne, kore, da shuɗin tamfol a samansa. Nan da wata ɗaya za ta sami sabon rufi fil. Nawa shekararsa ashirin da biyu, yana yoyo ta gefen bututun hayaƙi, kuma babu kamfanin da ke biyan tsufa. Ni na faɗa wa yara haka ranar Litinin: inshora tana biyan abin da ya faɗo maka farat ɗaya, ba ta biyan abin da ya lalace a hankali.

Har ƙanƙara ta san gidan da za ta je.

A tagar kicin ɗinta akwai labule mai ɗigon ja. Na san wannan yadin. Rigar Mama ce ta da.

Ba kishi nake ba. Ban tsaya ba. Na manta ban sayi ƙusar ba.

Talata, 30 ga Afrilu, 6:50 na safe

"Na tafi Havelock," in ji ta, da faranti a hannu. Yanzu ko ɓoyewa ba a yi. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Alhamis, 2 ga Mayu, 5:30 na yamma

Mai duba ɓarna ya zo, wani dogo mai fara'a, Wendell. Ya zagaya motar yana ƙirga lotsewa, ya kai ɗari biyu ya daina. Ya ce gyaranta ya fi ƙarfin darajarta. Ko kamfani ya ɗauke ta ya biya, ko Mama ta riƙe abarta a rage mata kuɗin, a sa gilashi kawai ta ci gaba da hawa da tabonta.

Na nuna masa keken ɗinki, don in ji da kunnena. Ya ce wannan na inshorar gida ne. Na ce na sani, abin da nake koyarwa ke nan. Ya yi dariya ya ce to ashe a gaban malama yake, bari ya gyara tsayuwa.

Sai ya buɗe but ɗin motar.

"Af, wannan kuwa namu ne," in ji shi. "Kujerar jariri ta mota ce. Ruwa ya shige ta, kada a sake ɗora yaro a kai. Ku sayi sabuwa ku turo rasit." Ya juya wurina. "Taki ce? Wata nawa?"

Mama tana tsaye bakin gareji da rigar sanyinta.

"Wata biyar," in ji Mama. "Mace. Emilia."

Sunan Baba Emil.

Wendell ya ce ma sha Allah, shi ma jikarsa ta fara haƙori, ya shiga ba mu labarin yadda ake sa cokali a firji. Na tsaya ina gyaɗa kai. Har na yi masa godiya. Har na ba shi kolache.

Juma'a, 3 ga Mayu, 6:15 na safe

Ina da 'ya'ya ɗari da arba'in kowace shekara. Kowane Mayu iyayensu su zo su kwashe abinsu.

Juma'a, 6:20 na yamma

Na buɗe fom ɗin inshorar gida saboda keken. Tambaya ta shida: shin mai kayan 'yar'uwarki ce da ke zaune a gidan nan? Dokar ke nan. Muddin Mama tana ƙarƙashin rufina, kayanta kayana ne a idon kamfani, ko ina suke. In ta tashi, ta fita daga takardar.

Na karanta mata da ƙarfi, kamar wasa. "Kina zaune a gidan nan, ko Misis Kovarik?"

Ba ta yi dariya ba.

"Corinne za ta koma aiki ɗaya ga Yuni," ta ce. "Gidan renon da ta nema sun ce sai Janairu. Akwai ɗaki a bayan kicin ɗinta, tana so in koma can."

"Shi ya sa keken ya yi gaba."

"Bargon yarinyar nake ɗinkawa. Aro ne, Nell, keken naki ne. Kuma ban yanke ba. Na so in faɗa miki tuntuni, kullum sai in ga kin gaji."

Na tuna akwatin hotunan da na daina gani a ƙarƙashin gadonta, da tukunyar ƙarfen nan ta miya. Na ɗauka ni ce nake mantuwa. Ashe Talata-Talata gidana yake yoyo.

Shekara uku. Ni na kai ta aikin ido. Ni na sa ƙarfen riƙo a banɗaki, na sauko da ɗakinta ƙasa, na koma kwana a sama cikin zafi. Ni na san maganinta na safe da na yamma. Ba gori nake ba. Ina rubutawa ne kawai don kada in manta.

Lahadi, 5 ga Mayu, 3:00 na rana

Bayan coci na zaunar da ita a tebur, na baje takardu, na ɗauko alƙalami mai launi. Na yi mata bayani dalla-dalla, da muryar aji.

Na ce in kwananta a Havelock ya fi na nan, ta fita daga inshorar gidana. Na ce motar ma dole a cire ta, domin kamfani yana so ya san inda mota ke kwana. Na ce mace mai shekara saba'in da shida, da sabuwar ɓarna a sunanta, ba kowane kamfani ke rawar jiki a kanta ba. Na ce tunda Corinne na tuƙawa sai an sa sunanta, kuma za su tono tarihin tuƙinta, mun dai san yadda yake. Na ce in aka yi sakaci wani abu ya faru da jaririya a cikin mota, kamfani na iya tsayawa yin tambayoyi.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Kowace jimla. In an kai ni gaban alƙali zan maimaita.

Mama ta daɗe tana kallon layukan da na shafa wa ruwan ɗorawa.

"Ba na so in zame wa yarinyar nan kaya," ta ce. "To, na zauna. Sa alama a ta shida."

Na sa.

Talata, 7 ga Mayu, 6:45 na safe

Ba a kunna tanda ba yau. Na ci hatsin kwali da madara.

Talata, 4:30 na yamma

Na tarar da ita a kujerar bakin taga, takalmi a ƙafa, jaka a cinya, ba ta je ko'ina ba. Ta ce in za a daina abu gara a daina shi gaba ɗaya, kada yarinya ta saba. Ta tambaye ni yaya makaranta. Na ce lafiya. Ta ce madalla.

Na yi nasara. Ga ta nan a gidana.

Laraba, 8 ga Mayu, 12:10 na rana

Maganar nan tana allo har yanzu, babu tambayar kunya. Na goge ta, na ce ina bukatar wuri.

Juma'a, 10 ga Mayu, 5:50 na yamma

Da aka tashi na sami ƙanwata a wurin ajiye motocin malamai, jingine da motata. Ta rame. Gashinta a ɗaure da robar da ake ɗaure wasiƙu, tabon madara a kafaɗa. Duk da haka ta fi ni kyau. Tun muna yara haka ne, ta faɗa kwata ta fito da kyanta.

"Malama."

"Corinne."

"Minti shida," ta ce. "Na kira wakilin inshorata, na duba agogo. Ya ce uwa in tana zaune da ni tana cikin takardata, ita da tsummokaranta, kamar yadda take cikin taki. Mota kuwa a sauya adireshi, a sa sunana, ƙari kaɗan ne. Har dariya ya yi mini. Ke da ake biyanki ki koyar da abin, ba ki sani ba?"

"Ban yi mata ƙarya ba."

"Ai ke ba kya ƙarya. Wa ya isa ya ce kin taɓa ƙarya? Ke ce dai kika ce mini: 'Ba sai kin yi gaggawa ba, Cory, likita ya ce akwai lokaci.'"

Wasu ɗalibaina suna wucewa, suka ce sai Litinin, Malama Kovarik. Na ɗaga musu hannu. Na yi murmushi ma.

"Na ce ba zan tayar da wannan ba," in ji ta. "Na yi wa Mama alkawari. Ba ƙwace ta zan yi ba, Nell. Mil tara ne. Ba Denver ba ce wannan karon."

"Uban yarinyar fa?"

"Wannan ba ya cikin fom ɗinki."

Motarta tana gefe, gilashin gaba a tsage kamar saƙar gizo. Na hango ƙafa ɗaya a kujerar baya, da safa rawaya, tana harbin iska. Na san saƙar safar. Ni ma ina da irinta, babba, a durowa.

"Kina so ki gan ta?"

Na ce ina da taro. Ba ni da taro. To, ga ƙarya ɗaya, ta samu.

Asabar, 11 ga Mayu, 7:00 na safe

Lokacin jinyar Baba, kwana goma sha ɗaya na yi a kujerar asibiti. Duk sanda Baba ya buɗe ido sai ya ce, "Cory ta iso?" Ni ce ke riƙe da kofin ruwan.

Likita ya ce ana iya samun kwana biyu ko uku. Ya kuma ce ana iya rasa ko ɗaya. Da ta kira daga Denver tana tambaya ko ta taso a ranar, na faɗa mata abin da likita ya ce. Rabin farko. Kafin ta iso ya cika.

Wuni ɗaya nake so ya zama nawa. Shi ke nan. Ban taɓa rubuta shi ba sai yau.

Lahadi, 12 ga Mayu, 2:15 na rana

Ranar Uwa. Na saya mata furanni, na kai ta cin abinci, muka dawo. Ta zauna cire takalmi, sai na durƙusa na cire mata, don kada in ga fuskarta.

"Mama, bayanin da na yi miki ranar Lahadi bai cika ba. Kiran waya ɗaya ne. Za ki shiga takardar Corinne kamar yadda kike cikin tawa. Babu abin da za ki rasa."

"Na sani."

Na ɗago.

"Shekara arba'in da ɗaya ni ke biyan inshorar gidanmu," ta ce. "Babanki ko inda takardar take bai sani ba. Kin ɗauka tsufa ya cinye mini kai?"

"To me ya sa kika ce kin zauna?"

"Tun kina shekara shida ba ki taɓa roƙona komai ba. Ki ɗaure takalminki, ki haɗa abincinki, ki gyara mini lissafin cefane. Ranar Lahadi kin roƙe ni. Da takardu kika yi roƙon, da wannan mummunan alƙalamin naki, amma roƙo ne. Yaya zan ce a'a?"

Ina riƙe da takalminta ɗaya. Ni da nake ce wa 'ya'yan mutane su yi tambaya, sai da na kai shekara arba'in da bakwai kafin in yi tawa.

"Kin fi son ta?"

"Na fi jin tsoro a kanta. Ba ɗaya ba ne."

"Baba fa? Ita yake ta kira."

"Ke ai kina nan. Mutum ba ya cigiyar abin da ke hannunsa, Nell."

Ban sani ba ko na yarda. Amsa ce mai kyau, irin wadda uwa ke tanada. Da a ce ni ce a Denver, da ya yi ta kirana? Babu kamfanin da zan buga wa in tambaya.

Na ce ta je. Na ce ba roƙo nake ba yanzu, kora ce. Ta ja kunnena kamar da, ta ce in miƙo mata silifas.

Litinin, 13 ga Mayu, 12:30 na rana

Na janye batun keken. Ranar ƙanƙara dai a gidana take zaune, alamar da na sa ba ƙarya ba ce, amma mai gyara ya ce ƙarfen da ne, mai kawai yake so da sabon bel. Abin da zai ci bai kai kason da zan fara biya daga aljihuna ba. Duk wannan a kan keken da babu abin da ya same shi. Kuma ni ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba.

Asabar, 18 ga Mayu, 6:00 na yamma

Sawu biyu muka yi. Mama ta riƙe Buick ɗin, an sa gilashi, lotsewar na nan. Ta ce ita ma fuskarta haka take kuma ba a kai ta bola ba.

Ni na ɗauki keken na shiga da shi. Masu rufi suna sama suna buga ƙusa, gidan duk ƙara. Corinne ta nuna mini inda zan ajiye, ta ce in yi hankali da bayana, na tsufa. Na ce ta yi hankali da bakinta. Mama ta shige kicin kamar ta shekara a ciki, ta san inda cokula suke, ta san durowar da ke cijewa. Wannan ya soke ni fiye da yadda na zata.

Sai aka ɗora mini yarinyar ba tare da an tambaye ni ba, don Corinne na neman almakashi. Tana da nauyi. Kunnuwan Baba ne sak, manya, a buɗe kamar ƙofofin mota. Ko kunnensa ma can ya tafi. Ta kama mini tabarau ta ƙi saki, ta shafe shi da yawu, na dawo gida ina ganin titi dishi-dishi.

Ba mu yi maganar asibiti ba. Da zan fita na ce, "Cory, likitan ya faɗi wani abu kuma." Ta ce, "Na sani, Mama ta gaya mini tun a lokacin. Ba yau ba, Nell." Ba ta ce ta yafe ba. Ta cusa mini kolache shida a leda. Shida. Na ƙirga na tebur, sha takwas.

Litinin, 20 ga Mayu, 7:10 na safe

Na kira kamfani na cire Mama da motar. Mutum nawa ne a gidan yanzu? Ɗaya.

Talata, 21 ga Mayu, 12:20 na rana

Darasin ƙarshe kafin jarrabawa. Na sake rubuta maganar nan a allo, na ba su aikin gida: kowa ya je ya nemi takardar inshorar gidansu, ya duba sunan wa ke ciki, sunan wa babu, ya tambayi dalili. Suka yi ta ƙorafi, wai iyayensu za su ce mene ne haka. Na ce eh, za su ce. Ku dai gwada, ku zo mini da labari.

Ina cin abinci saƙo ya shigo daga Corinne. Hoton fom ne, sabuwar inshorar Buick. Direba na ɗaya, Ardith Kovarik, wato Mama. Na biyu, Corinne Kovarik. Layi na uku babu kowa. A ƙasa ta rubuta: "Kujerar yarinyar a Buick take, ba na son ana ta cire ta. Daga Yuni duk Asabar ina aiki, Mama ba ta tuƙi a tsakiyar gari, sai an sami mai kai su. Suna neman lambar lasisinki. In kina so, Malama. Ba sai kin yi gaggawa ba."

Sai kuma wani ya biyo baya: "Ƙarya nake. Yau suke rufewa, ƙarfe biyar."

Na uku. Ni ce babba, ni na koya mata tuƙi a wannan motar, kuma ni ce ta uku. Na lura, kuma zan daɗe ina lura.

Lasisin yana gabana a kan tebur, kusa da kolache na ƙarshe. Saura minti takwas a buga ƙararrawa. Gwada, Nell. Tambaya ce kawai suka yi miki.